Dasashin Adda Dije

Ko da zan manta da komai na aikin nan, ba na jin zan manta da ranar da Goggo Hajo ta shigo ɗakin haƙori da ɗaurin ƙaya a gefen zaninta. Na daɗe ina son in ba ku labarin, ku da kuka shigo aikin a bayanmu, domin na ga kun iya yi wa majinyaci bayani sosai. Ku jero masa dokoki ɗaya bayan ɗaya, ya ce to, ku sallame shi, ku ɗauka an gama. Amma bari in faro daga farko, don Goggo Hajo a ƙarshen labarin take.

A lokacin ni ce babbar ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibitin haƙori a Kalgo. Mu uku ne ke riƙe da wurin. Akwai Likita Sahabi, wanda ya yi ƙarin karatu a kan ciwon dasashi, mutum marar yawan magana, in yana aiki ko tari ba ya so a yi masa. Akwai Malam Garba mai haɗa haƙoran roba, kullum yana ɗan ɗakinsa na baya da rediyonsa. Sai ni. Aikina in dafa kayan aiki, in shirya su, in tsotse jini da yawu yayin da Likita ke ɗinki, sannan in zauna da majinyaci in mayar masa da maganar Likita zuwa maganar mutane.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, dasashi shi ne naman da ya rungume gindin haƙori. Wani lokaci yakan janye, saiwar haƙori ta fito fili, haƙorin ya yi tsawo, ruwan sanyi ya riƙa sukar mutum har cikin kai. Naman da ya janye ba ya dawowa da kansa, ko wane irin magani aka sha. Abin da ake yi shi ne a yanko ɗan siririn nama daga ganɗa, wato rufin baki ta ciki, a gyara wurin da dasashin ya gudu, a shimfiɗa sabon naman a kai, a ɗinke da zare siriri. Naman da aka ɗauko ɗin nan ba ya zuwa da jijiyar jini tasa. A makonnin farko jinin wurin da aka ajiye shi yake tsotsa, har ƙananan jijiyoyi su ratsa shi ya zama ɗan gida. In ya motsa kafin lokacin, ko aka soke shi, mutuwa zai yi. Akwai wata 'yar fata da ake sayowa daga waje a yi amfani da ita maimakon ganɗa, sai dai tambayar farko da mutanenmu ke yi ita ce daga wace dabba aka yi ta, mu kuma ba mu da amsar da za ta kwantar musu da hankali. Don haka Likita ya daina ajiye ta.

Yawancin masu zuwa wannan aiki matan ma'aikata ne daga Birnin Kebbi, kuma don kwalliya suke zuwa, suna son murmushinsu ya fito daidai a hoto. Ban taɓa ganin laifinsu ba, bakinsu ne. Adda Dije dai ba ta cikinsu.

Ni 'yar Gwandu ce. Tun ina ƙarama Adda Dije ke kawo nono gidanmu daga rugarsu ta wajen Kambaza. Ta girme ni da 'yan shekaru. Na fara saninta tana 'yar budurwa, tana biye da Goggo Hajo, ƙanwar mahaifinta, wadda ta rene ta bayan rasuwar uwarta. Tun daga bakin layi za ka ji kiranta, "Nono! Ga na yau!" sai kuma dariya ta biyo baya, don ba ta wuce kowa ba ta tsokane shi ba. In ta yi dariyar nan sai ka sake dubawa. Haƙoranta farare tas, dasashinta kuwa baƙi wuluk, har yana ɗaukar ido.

Baƙin nan ba na haihuwa ba ne. Al'adar matan rugagensu ce. In yarinya ta tasa, sai a kwantar da kanta a cinyar wata tsohuwa, a ɗaure ƙayar aduwa 'yan kaɗan wuri guda, a caccaka dasashin har ya yi jini, a goga masa baƙin fitila, a sake, har launin ya zauna. Suna da sunan abin da Fulatanci, mu dai baƙin dasashi muke cewa. A wurinsu ado ne, kuma magani ne. Sun yi imani yana tsayar da zubar jini, yana sa nama ya riƙe haƙori gam. Duk 'yan matan yankin Goggo Hajo ce ke yi musu, kuma har Adda Dije ta manyanta ana ba da labarin cewa ko uffan ba ta ce ba ranar da aka yi nata. Farin haƙoran kuwa aikin asuwaki ne. Tana tafe tana dirza, tana zaune tana dirza, da ƙarfi kamar mai wanke turmi.

Wata shekara bayan ƙaramar salla na je gida gaishe da mahaifiyata, sai ga Adda Dije ta shigo da rana tsaka. Na ɗebo mata ruwan randa, ta karɓa ta ajiye a rana ba ta sha ba. Nan hankalina ya tsaya. Na ce ta buɗe baki in gani. Haƙoran ƙasa biyu na gaba sun yi tsawo, saiwarsu a waje, rawaya-rawaya, da na taɓa su da yatsa na ji suna ɗan motsi.

Na ce, "Adda, tun yaushe haƙoranki sunka koma hakanga?"

Ta ce, "Tun damanar bara nika jin su, Kulu. Tsuhwa na, mi za a yi?"

"Ba tsuhwa ba na, asuwakinki na. Kin cinye naman da hannunki."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta rage murya. "Hwaɗa mini gaskiya. Hita za su yi?"

Na ce in aka bar su haka, za su fita.

Ta juya ludayi a hannu. Can ta ce, "In sunka hita, da wane baki zan kira nono? Yaran Gwandu kin san su. Su bi ni suna kwaikwayo na."

Abin da ke gabanmu ke nan, haƙora biyu. Na san a wurin wani ba wani abu ba ne. A wurinta kuwa kiranta ne da dariyarta, kuma da su ta yi shekaru tana shiga gidajen mutane a matsayin 'yar gida.

Da kyar na shawo kanta ta zo Kalgo. Yadda suka yi da Likita kan batun biya tsakaninsu ne, ban shiga ba. Ya duba ta, aka ɗauki hoton ƙashi, ya daɗe yana kallon hoton a jikin fitila. Ya ce ƙashin da ke riƙe da haƙoran ya yi siriri ƙwarai, amma bai ƙare ba. In aka dasa nama ya kama, janyewar za ta tsaya, haƙoran su zauna shekaru. Ya ƙara da cewa wurin ba zai ɗauki aiki sau biyu ba.

Sannan shi da kansa ya tayar da zancen launi. Ya ce, "Sista, ki gaya mata da kyau, kada ta ce ba a faɗa mata ba. Naman ganɗa ja ne mai haske, kuma duk inda aka kai shi launinsa na asali yake riƙewa. A tsakiyar baƙin nan zai fito fili."

Na gaya mata. Na ma ba ta madubi biyu ta ga ganɗarta da idonta. Ta tambaya ko za a iya yi masa baƙi daga baya. Likita ya ce shi ba ya ba da shawarar a soki dasashi da komai, amma in ya zama dole, sai naman ya warke sarai, bayan watanni, kuma sai ta zo ya duba tukuna.

Ta ce, "To. Ina da saniya mai hwarin goshi, mun zama biyu." Har Likita sai da ya murmusa.

An yi aikin da safe, a farkon damina. Na sha ganin ƙarti suna karkarwa a kujerar nan tun kafin allura ta taɓa su. Adda Dije ko gezau. Da aka yi mata allurar kashe zafi ma cewa ta yi mu 'yan birni mun cika shagwaɓa, Goggo ba ta san wannan ba. Likita ya yanko naman, bai kai faɗin farce biyu ba, ya shimfiɗa, ya ɗinke a hankali. Da ya gama ya ja baya ya duba, ya ce, "Ya zauna." A bakin Likita Sahabi wannan babban yabo ne. Ni ma na leƙa. Aiki ya yi kyau, ba makusa, amma ga shi nan fari-fari a tsakiyar baƙi, kamar an liƙa ɗan ƙyalle a baƙin zane.

Na zaunar da ita na jero mata dokokin nan da kuka haddace. Ba asuwaki a wurin. Kada ta ja leɓe don ta duba. Kunu mai ɗumi da fura mai ruwa, ba abu mai tauri. Ruwan kurkure baki a hankali, ba da ƙarfi ba. Ta dawo mako mai zuwa. Na roƙe ta ta zauna gidana a Kalgo har a cire zare, ta ce shanu ba su san an yi mata aiki ba, wa zai tatsa, wa zai kaɗa mai. Ta tafi.

Zuwanta na farko ya faranta mana rai. Naman ya fara ɗaukar jini, ya yi ɗan ja-ja, ko da yake a tsakiyar baƙin har yanzu fari yake fitowa. Sai dai ta gaya mini cewa duk matar da ta zo dubiya sai ta ce a buɗe mata ta ga abin mamaki, nama ya tashi daga sama ya koma ƙasa. Wata ma da hannunta take jan leɓen. Na yi faɗa sosai. Ta ce, "Kulu, mutum ya tako ƙasa ya zaka gaishe ka, ka hana shi gani?" Na ce ta hana, in ya so a ce ni ce marar kunya. Muka sa mata ranar dawowa bayan mako guda kuma.

Kafin ranar ta zo, mahaifiyata ta kira ni a waya daga Gwandu. Muryarta ba daɗi.

"Kulu, mi kunka yi wa Dije? Gari ya ɗauka wai albaras ya hito mata cikin baki. Gidan liman sun mai da nononta. Jiya da ƙwarya cike tak koma."

Albaras ciwon nan ne da ke sa fata ta yi fari-fari. Ba ya yaɗuwa, kuma ko shi ɗin ma ba ne, amma je ki gaya wa matar da za ta dama wa 'ya'yanta fura. Ashe Adda Dije ta koma talla, wata ta ba ta dariya a wani gida, ta manta ta saki baki, aka hango. Shi ke nan. Matan da suka sha nononta tun suna amare, su ne suka riƙa leƙowa daga ɗaki suna cewa yau ba sa bukata. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai ya sake ɓaci. Na ce wa mahaifiyata ta bi gidajen ta gaya musu aikin asibiti ne, ni na riƙe fitila aka yi. Ta bi, tsohuwa da ciwon gwiwa. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai dole 'yarta ta rufa wa asibitinsu asiri.

Ranar da muka sa mata ta zo ta wuce, ba Adda Dije. Rugarsu waya ba ta shiga sosai. Na aika saƙo ta hannun masu zuwa kasuwa, shiru.

Sai wata safiya ina goge kujera na ji sallama ƙasa-ƙasa. Ita ce, mayafi rufe da rabin fuska. Tun kafin ta zauna warin ya gaya mini. Haɓarta ta kumbura, jikinta da zafi. Likita ya sa safar hannu ya ɗaga leɓen a hankali. Farin wurin babu shi. Ko'ina baƙi ne, da ɗanyen baƙin fitila cushe a ƙananan ramukan da aka caccaka, naman da muka dasa ya koma toka-toka yana reto a jikin zare ɗaya, ruwa na fita ta ƙarƙashinsa.

Likita ya saki leɓen, ya je bakin taga ya tsaya. Ban taɓa ganin ya juya wa majinyaci baya ba sai ran nan.

Na ce, "Adda, wa ya yi miki?" Na san amsar, bakina ne kawai ya tambaya.

Ta ba ni labari tana kallon ƙasa. Goggo Hajo ta ga tana dawowa da ƙwarya cike, yau da gobe, nono na tsami ana ba karnuka. Sai ta kira ta ɗaki ta ce ta buɗe. Ta duba, ta ce wannan nama ɗanye ne, bai nuna ba, farin nama ba ya riƙe haƙori. Likita ya yi rabin aiki, sauran rabin nasu ne. Adda Dije ta ce mata Likita ya ce a jira ya kama. Goggo ta ce ai baƙin ne ke sa shi ya kama, ita shekara nawa tana wannan aiki, ta taɓa ganin wadda ta yi wa haƙorinta ya faɗi?

"Ita tar rene ni, Kulu," in ji ta. "Hannunta bai taɓa cuta ta ba. Kuma kada ki aza mata laihi ita ɗai. Ni ma ina so. Na gaji da rufe baki. Da na aza kaina bisa cinyatta, wallahi daɗi naj ji, kamar ina yarinya."

Na so in yi faɗa. Wa zan yi wa? Tsohuwar da ta ɗauko maganin da ta sani ta ba 'yarta? Na shiga ɗakin dafa kaya na yi kukana, na wanke fuska, na fito muka hau aiki.

Muka cire mataccen naman, muka wanke wurin, aka ɗora ta a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Wannan karon ta yarda ta zauna gidana. Kumburin ya sauka, zazzaɓin ya tafi, amma da aka sake ɗaukar hoto sai muka ga ciwon ya cinye ɗan ƙashin da ya rage. Likita ya ɗaure haƙoran da na gefensu ko za su tsaya. Duk daminar nan muna lallaɓa su. Da kaka ta yi, sun kai ko harshe ya taɓa su sai ta runtse ido, Likita ya ce ba sauran dabara. Ni na riƙe kanta aka cire su. Ba su ma yi gardama ba. Ta ce a ba ta abinta, ta ƙulle su a bakin mayafi.

Bayan wurin ya warke, Malam Garba ya haɗa mata na roba guda biyu. Ya yi ƙoƙari, haƙoran sun yi kama da nata. Amma robar da ake dasa su a kai, wadda ke tsayawa a matsayin dasashi, launi ɗaya muke samu a lokacin, ja mai haske. Ya gwada duhunta ta da abin da yake da shi, ta fito kamar laka, Likita kuma ya hana a zuba wani rini da ba a san lafiyarsa a baki ba. Ta sa, ta dubi madubi, ta daɗe tana kallo. Ta cire, ta ce wa Malam Garba Allah ya saka da alheri, ta ƙulle su a ɗaya bakin mayafin. Ban taɓa ganin su a bakinta ba.

Na ɗauka labarin ya ƙare a nan. Sai ranar da na faɗa muku a farko.

Wajen hantsi ne, muna tsakanin majinyata. Adda Dije ta shigo riƙe da hannun wata tsohuwa tukuf, ta ranƙwafa, idonta ya yi fari-fari. Sai da na sake dubawa na gane Goggo Hajo. Rabona da ita tun ina makarantar firamare. Daga baya na ji ita ta matsa sai an kawo ta, har ta ƙi cin abinci, kuma tunda take ba ta taɓa zuwa Kalgo ba. Na ja mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa a gaban Likita. Ta kwance gefen zaninta, ta fito da ɗaurin ƙaya da wani ɗan ƙoƙo mai baƙin fitila, ta tura su gaban takalminsa.

Ta ce, "Ga su nan. Na aje."

Likita ya ce ta tashi ta hau kujera, don Allah. Ba ta ko saurare shi ba. Sai ta sa yatsu biyu ta ja leɓenta na ƙasa. Ku yarda da ni, tsohuwar nan haƙoranta na gaba duk suna nan, dasashin baƙi ƙirin, ya kama su gam. Ta riƙe leɓen tana magana, maganar na fita a karkace.

"Likita, an ce kuna ɗauke nama nan ku aza can. To ga nau. Baƙi na, ya nuna, tun ina budurwa bai motsa ba. Ku yanki yadda kuka so. Har hauren ku cire biyu ku haɗa mata, ni na gama cin abin da zan ci duniya. Ku mai da wa ɗiyata bakinta."

Likita ya dube ni, don bayani aikina ne. Na kau da kai. Sai ya sauko daga kujerarsa ya tsuguna a gabanta, farar rigarsa na jan ƙasa, ya yi mata bayani da kansa. Ya ce jikin mutum ba ya karɓar ɗanyen naman wani haka, ture shi yake yi. Ya ce ko da yana karɓa, ƙashin da za a ɗora a kai ya riga ya tafi.

Ta ce, "Ko na uwa? Ni na goye ta."

Ya ce, "Ko na uwa, Goggo."

Ba ta saki leɓen ba. Ta ci gaba da riƙe shi a buɗe, tana kallon wajen da take jin muryarsa, kamar in ya ƙara dubawa zai sake shawara. Yawu na zuba a hannunta. Muna jin rediyon Malam Garba daga baya. Adda Dije ce ta durƙusa, ta kama hannun ta sauke shi a hankali, ta goge mata baki da mayafinta.

Ta ce, "Saki, Goggo. Tashi mu tahi, rana na yi."

Suka fita. Ƙayar da ƙoƙon muka zuba a kwandon allurai aka ƙone, kamar yadda dokar aiki ta ce.

Na yi ta juya al'amarin nan shekaru, ban sami wanda zan ɗora wa laifi in huta ba. Likita ya yi aikinsa daidai, ya kuma faɗi gaskiya tun farko. Adda Dije ta ji bayani, ta fahimta sarai. Goggo Hajo ba ta yi don mugunta ba. Abin da na koya shi ne, majinyaci awa ɗaya yake yi a kujerarmu, sauran kwanakin kuma yana hannun mutanen da ke ƙaunarsa, kowannensu da maganin da ya gada kuma ya yarda da shi. Bakin da muka ɗinke ba gida kawai yake komawa ba, yana shiga kasuwa, yana shiga gidajen mutane, ana kallonsa ana magana.

Tun daga lokacin, kafin a taɓa dasashin kowa, nakan tambaye shi wa zai kula da shi in ya koma, wa kuma yake jin maganarsa fiye da tamu. Sai in ce a zo mini da mutumin. Kaka ce, goggo ce, miji ne, a zo da shi. In zaunar da shi in tambaye shi abin da shi ya sani game da ciwon, in saurara har ya gama, sannan in nuna masa namu. Nakan kuma tambayi majinyacin da me yake ci, su wa za su ga bakinsa gobe. Wasunku na ganin ɓata lokaci ne, layi na jira a waje. Ku bar layin ya jira.

Goggo Hajo ta rasu a daminar da ta biyo. Adda Dije na nan da ranta. Zancen albaras ya mutu da kansa, matan Gwandu sun koma sayen nononta kamar ba su ne suka yi ba. Har yanzu tana zuwa gidanmu, mayafi a kan baki. Kwanan baya da na je gida ina zaune a tsakar gida, na ji ana ƙwanƙwasa ƙwarya da ludayi a zaure. Na tambayi mahaifiyata wane ne.

Ta ce, "Dije ta. Hakanga taka yi yanzu, ba ta kira."